Si Allal da Sabon Daɓe

Yabo ya tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba wa bayinSa sani kamar yadda Ya raba musu abinci, Ya ajiye rabon wani a cikin takardu, na wani kuwa a kan yatsunsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan labarin Si Allal ne (Si laƙabin girmamawa ne a ƙasarsu), makaniken babura a garin Verviers da ke ƙetare, mutumin da ya shekara arba'in yana tsayawa a ƙarshen sahun farko ta dama a masallacin unguwar Hodimont, rigarsa wankakkiya, amma baƙin mai bai taɓa barin gefen faratansa ba duk yawan alwala.

Daga duwatsun Rif na ƙasarsu ya tsallako teku yana ɗan shekara ashirin da huɗu, ya shiga masana'antar wankin ulu da ke bakin kogi. Shekara tara ya yi yana jidar jiƙaƙƙen ulu, har kafaɗarsa ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama, ba ta kuma koma ba. A cikin waɗannan shekaru ne ya sayi wani tsohon babur don zuwa aiki, baburin kuwa ya zame masa jarrabawa, domin kullum sai ya mutu a tsakiyar hawa. Shi ne ya kai shi wurin Désiré, wani dattijo mai ƙarancin magana da ke da gareji a ƙarƙashin wani tsohon gida, a kan titin da ya gangaro daga tudu zuwa kogi. Allal ya tsaya a kansa yana kallon hannunsa, ya ƙi matsawa, har dattijon ya gaji ya ce, "Ko ka fita ka ba ni haske, ko ka riƙe min wannan." Ya riƙe. Da masana'antar ta fara sallamar ma'aikata bai nemi wani aiki ba, domin ya riga ya san inda za shi.

Abin da Désiré ya fi kowa iyawa, kuma ya gadar masa, shi ne daidaita mai a kafireto. A ƙasan kafireto akwai ɗan ƙoƙo inda fetur ke taruwa kafin inji ya zuƙa. A cikin ƙoƙon akwai wani ɗan gwangwani marar nauyi yana iyo, shi ke tura allura ta toshe hanyar mai idan ya kai iyakarsa. Iyakar nan ita ce aikin duka. Idan man ya haura ta, inji ya ƙware, salansa ta yi ta aman baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Idan ya gaza ta, inji ya ji yunwa, ya yi zafi, ya riƙa tari a kan tudu. Tsakanin ƙwarewa da yunwa bai fi kaurin tsinken ashana ba. Désiré kan jona siririn tiyo mai nuna ciki a gindin ƙoƙon, ya tanƙwaro shi sama ta gefen hagu, man ya hau cikinsa ya tsaya daidai inda ya tsaya a ƙoƙon. Sai ya durƙusa ya kanne ido ɗaya, ya lanƙwasa ɗan harshen ƙarfen da ke tura allurar kaɗan ƙwarai, ya sake aunawa. In ya gama, inji kan zauna yana bugawa a hankali kamar numfashin mai barci.

Awon yana da sharaɗi guda, wato babur ya tsaya a miƙe sak. Daɓen garejin kuwa, kamar titin da yake kai, ya karkata hagu. Saboda haka akwai wani guntun falalen dutse baƙi, kaurinsa kamar yatsa, wanda Désiré ke turawa ƙarƙashin ƙafar hagu ta ƙarfen da ake kafe babur a kai. Allal ya koyi tura shi da gefen takalmi ba tare da ya duba ƙasa ba, har abin ya zame masa kamar cire takalmi a ƙofar masallaci.

Da tsufa ya kama Désiré, idonsa ya yi rauni, awonsa ya fara kaucewa. Allal ya lura, amma kunya ta hana shi faɗa. Sai ya zamana kowace safiya yana riga dattijon zuwa, ya sake awon duk abin da ya yi jiya, ya mayar kamar ba a taɓa ba. Shekara biyu ana haka, mutane suna ta yabon hannun Désiré. Wata safiya dattijon ya yi sammako, ya same shi durƙushe da tiyo a hannu. Bai yi faɗa ba. Ya tambaya kawai, "Tun yaushe?" Allal ya gaya masa. Désiré ya cire rigar aikinsa ya rataye, ya ajiye makulli a kan tebur, ya ce, "Da ka gaya min tun ranar farko, da fushin mako guda zan yi." Ya fita, bai sake taka garejin ba har ya bar duniya.

Allal ya daɗe yana juya wannan magana. Da can yana ɗaukar abin da ya yi a matsayin jinƙai, sai ya gane ya bar mutum ya shekara biyu yana karɓar yabon da ba nasa ba. Tun daga nan ya ƙulla alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa: ranar da aikinsa ya fara dawowa zai ajiye da kansa, ba zai yarda a rufa masa asiri da ƙarya ba.

Shekara ashirin da biyar ya riƙe garejin shi kaɗai. Masu raba wasiƙa, da manoman kan tudu, da masu tseren ƙarshen mako, duk nan suke kawowa. A can ya ci abincin da ya raini 'ya'yansa huɗu tare da matarsa Yamna. Yana da shekara sittin da uku aka sayar da tsohon gidan, sabon mai shi ya nemi a kwashe. Allal ya yanke shawarar komawa rumfar da ke bayan gidansa, wadda ƙasa ce tsagwaronta.

Nan Firmin ya shigo. Firmin maƙwabcinsa ne na bayan katanga, tsohon magini, ƙato mai babbar murya, wanda matarsa ta rasu ya saura shi kaɗai. Shekara talatin suna tare, ba su taɓa gaisawa ba sai da tsiya. Shi ya ce ba wanda zai zuba daɓen nan yana raye sai shi. Ya yi kwana huɗu a durƙushe yana jan katako a kan siminti, da ya gama ya miƙe yana riƙe da ƙugu ya ce, "Sarkin hayaƙi, ka ga wannan? Ko ƙwai ka ajiye ba zai mirgina ba. Ba irin ramin da ka tsufa a ciki ba."

"Za mu gani," in ji Allal. "Ai kai ka gina katangar nan, ga ta tana yi min ruku'u tun shekara goma."

Ranar ƙaura Allal ya kwaso kayansa duka, falalen dutsen yana cikin aljihun rigar aikinsa. Babur na farko da ya shiga sabuwar rumfa, ya kafe shi, gefen takalminsa ya tura dutsen ƙarƙashin ƙafar hagu kamar kullum. Daɓen Firmin a miƙe yake haƙiƙa, don haka dutsen ya karkatar da babur dama. Idon Allal bai ga komai ba, domin shekara talatin haka yake ganin babur da daɓe a junansu. Tiyon da ke gefen hagu sai ya nuna man ya gaza, alhali bai gaza ba. Allal ya ƙara, kamar yadda awo ya umarce shi. Da haka duk babur ɗin da ya fita daga rumfar ya fita da mai fiye da ƙima, mai aikin kuwa bai sani ba.

Cikin mako shida babura bakwai ya daidaita, huɗu suka dawo. Ya sauya allura, ya wanke ƙoƙo, ya sayi sabon tiyo, ya je likita ya duba idonsa aka ce lafiya lau gwargwadon shekarunsa. Kowane awo yana tsayawa daidai kan layin iyaka da ke jikin ƙoƙo, kowane fulogi yana dawowa baƙi.

Wata Juma'a da hantsi Madam Odile ta shigo tana tura nata, karo na uku ke nan. Ma'aikaciyar jinya ce mai bin tsofaffi gida-gida a ƙauyukan kan tudu, tana yi musu allura tana wanke musu miki. Gashinta ya jiƙe da yayyafi, tana haki.

"Si Allal, ni da babur ɗin nan yau ban san wa ya hau wani ba," ta ce tana dariya. "A gindin tudu ya ce min shi ya gaji. Na ɗauki jakata na hau da ƙafa. Tsohon nan mai ciwon suga ya jira allurarsa awa guda, na same shi a bakin taga yana leƙe."

Ba da zargi ta faɗa ba, amma Allal ya ji kamar an ɗora masa jiƙaƙƙen ulu a ka. Ya kwance fulogi, ya shafa a tafin hannu, ya bar baƙin tabo.

"Madam, ki kai shi babban garejin bakin tasha. Suna da na'ura."

"Shekara goma sha biyar kai kake taɓa shi. Zan hau motar 'yar'uwata yau da gobe. Litinin zan dawo."

"In na sake ɓata miki fa?"

"Sai in sake turowa. Ai na saba, cinyoyina sun yi ƙarfi."

Ta tafi. Allal ya je masallaci ya dawo, ya zauna a kicin bai taɓa abinci ba. Yamna ta ajiye cokali ta dube shi.

"Baban Saliha, wa ya mutu?"

"Aikina ya fara dawowa. Gobe zan naɗe kaya."

"Likita ya ce idonka ƙalau."

"To abin ya fi ido zurfi ke nan. Yau mai ciwon suga ne ya jira awa guda. Gobe ban san wa zai jira ba."

Yamna ta san alkawarin, ta kuma san mijinta. Ba ta yi gardama ba, ta tura masa burodin sha'ir da man zaitun, ta ce ko mai naɗe kaya yana cin abinci.

Ranar Asabar bayan azahar ya shimfiɗa tsumma a kan tebur, ya shiga goge sifanoni ɗaya bayan ɗaya yana jerawa. Babur ɗin Madam Odile yana kafe a tsakiyar rumfa inda ya bar shi. Firmin ya turo ƙofa da kafaɗa, ɗauke da wainar shinkafa da madara irin wadda yake sayowa kowace Asabar.

"Me nake gani? Gwanjo za ka yi?"

"Na gama, tsoho."

"Ka gama me? Ni na kashe gwiwoyina kwana huɗu don ka yi min mako shida ka ce ka gama? Da na sani da kaji na zuba a nan."

Allal bai mayar da tsiyar ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Firmin ya ajiye wainar a hankali. Allal ya ba shi labarin duka, sannan ya ce, "Zo ka ara min idonka. Ba ka san inji ba, amma ka san layi. Durƙusa ka gaya min inda man nan ya tsaya."

Firmin ya durƙusa da nishi, ya leƙa tiyon. "Daidai bakin ƙarfen nan. Ko gashi ba zai shiga tsakani ba."

"Haka na gani. Ka ga ke nan ba ido ba ne. Kai ne ya fara taɓuwa, na manta wani abu, ban ma san abin da na manta ba."

A nan Yamna ta shigo da shayi. Tebur cike yake da ƙarafa, sai ta ɗora farantin a kan kariyar babur ta baya, ta tsiyaya a kofunan gilashi masu zoben zinariya a wuya, ta koma. Firmin ya miƙa hannu zai ɗauka, sai hannun ya tsaya. Shayin ya taɓa zoben ta gefe guda, ta ɗaya gefen kuwa ya bar shi a sama. Ya dubi kofi na biyu, haka yake.

"Daɓena ba ya gangara," ya ce, kamar wanda aka zaga.

"Wa ya ce yana gangara?"

Firmin ya sake durƙusawa. Ya sauke kofin ya ajiye a ƙasa, shayin ya zauna daidai da zoben ko ta ina. Ya bi ƙafar babur da ido har ƙasa, sai ga falalen dutse a ƙarƙashinta. Ya san dutsen. Ya sha ganinsa a tsohon gareji, ya kuma san daga hannun wa ya fito. Allal ya ga wuyan abokinsa ya yi ja, ya ga ya daɗe a durƙushe fiye da yadda gwiwarsa ke yarda.

"Me ka gani?"

"Babu komai. Gwiwa ce ta riƙe." Firmin ya miƙe yana kaɗe wando. "Ka san me? Nan akwai duhu. Sauke shi mu matsar wajen taga, ka sake aunawa sau ɗaya. Ni zan riƙe maka baya."

Suka sauke babur daga kan ƙarfen suka tura. Allal ya kai gefen takalminsa zai janyo dutsen kamar yadda ya saba, bai ji komai ba. Ya duba, sai ga ƙaton takalmin Firmin a kan wurin, mai takalmin kuwa yana kallon rufi yana yin fito.

Allal ya san wannan fuskar. Ya taɓa sa ta kowace safiya har shekara biyu.

"Firmin," ya ce a hankali, kuma rabon da ya kira shi da sunansa an daɗe. "Na taɓa yi wa wani mutum irin wannan babu komai ɗin. Ɗaga ƙafarka, ka gaya min da bakinka."

Firmin ya hura hanci. Ya ɗaga ƙafar, ya sunkuya ya ɗauko dutsen, ya riƙe shi da hannu biyu.

"To ji, tunda ka nema. Hannunka lafiya, idonka lafiya, kanka ma ba laifi gwargwadon yadda aka halicce shi. Na yi maka daɓe miƙaƙƙe, kai kuma ka ɗauko gangaren tsohon raminka a aljihu ka kawo min. Mako shida kana gyara karkatar da babu ita."

Allal ya dubi dutsen, ya dubi kofin da ke ƙasa, ya dubi tiyon. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Da farko kafaɗunsa ne suka fara rawa, Firmin bai san ko kuka ba ne ko dariya, shi ma mai yin bai rarrabe ba. Ya yi ta maimaita istigfari da hamdala a haɗe, yana share ido da bayan hannu, har baƙin mai ya ɓata masa kunci.

"Da na bar ka ka auna ba dutsen," in ji Firmin, "da ka ce hannunka ne ya dawo, kowa ya huta."

"Ranar Litinin kuma in sake tura shi."

"Da na jefa shi a kogi."

"Da na shekara ina zargin kaina, ban san ranar da abin zai dawo ba." Ya ja numfashi. "Yanzu fushin mako guda zan yi da kai. Ba ni sukundireba."

Suka kafe babur a kan daɓe tsirara. Man ya hau tiyo ya wuce layi da kaurin tsinken ashana biyu. Allal ya kwance ƙoƙon, ya lanƙwasa harshen ƙarfen, ya mayar, ya auna, ya sake taɓawa kaɗan. Ya sa sabon fulogi ya buga. Injin ya yi tari biyu ya kakkaɓe tsohon hayaƙi, sannan ya zauna yana bugawa a natse. Yamna ta leƙo daga ƙofar kicin, ta saurara, ta koma, sai ga ta da sabon shayi mai zafi.

Washegari Allal ya sa rigarsa ta fita ya ce zai bi gidajen mutum shidan da suka rage. Firmin ya ce masa ta kan katanga, "Ka ce musu kawai su kawo a duba. Wa ya tambaye ka tarihi?"

"Su suka hau, su suka tura. Suna da haƙƙin sanin dalili."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, har da ukun da ba su dawo da ƙorafi ba. A kowace ƙofa ya tsaya da hula a hannu ya ce kuskuren nasa ne, ya faɗi yadda ya auku ba ragi. Wani manomi ya yi dariya har ya riƙe ƙyaure. Wani mai raba wasiƙa ya ɓata rai ya ce ya riga ya kai nasa wani wuri, kuma bai sake dawowa ba. Allal ya ce yana da gaskiya, ya yi masa sallama. Ranar Litinin Madam Odile ta saurari labarin tana ɗaura hular kwano, ta ce ita dai a bar mata cinyoyinta su huta, ta hau ta haye tudun ba tare da injin ya yi ko gyatsa ba.

Ya ƙara shekara takwas yana aiki. A ta tara, wata safiya ya durƙusa ya ga layin ya zama biyu. Ya kira Firmin, wanda a lokacin da sanda yake tafiya, ya ce ya duba masa shayi da daɓe da ƙafar babur. Firmin ya duba duka, ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan karon kai ne." Allal ya ce, "Na gode." A ranar ya aika wa mai babur ɗin ya zo ya ɗauka, ya gaya masa wurin wanda zai kai, ya naɗe kayansa da hannunsa, ba wanda ya gyara komai a bayansa.

Ya rayu shekara uku bayan haka, yana zuwa masallaci a hankali, yana zama da Firmin a bakin rumfa suna musu a kan katanga. Ya rasu da kaka, bayan gajeriyar jinya, Yamna da 'ya'yansa suna kusa. Ranar jana'iza Firmin ya tsaya a wajen masallaci da hularsa a ƙirji har aka fito.

Allah Ya jiƙan Allal ɗan Haddu, Ya gafarta masa abin da ya sani da abin da ya ɓoyu gare shi, Ya karɓi gaskiyarsa ga waɗanda suka ba shi amana, Ya yalwata makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya saka wa maƙwabcinsa da shiriya da alheri. Amin.